Yadda ake ba ɗalibi shawarar aiki kafin ya zaɓi darussa

A kusan kowane tsarin karatu akwai shekarar da ake miƙa wa ɗalibi takarda a ce ya zaɓi darussan da zai ci gaba da su, ya ajiye sauran. A Ingila abin na zuwa sau biyu, wajen shekara 14, sannan a shekara 16 inda da yawa suke rage darussansu zuwa uku kacal. A yawancin jihohin Jamus tun yara na wajen shekara 10 ake raba su zuwa makarantu iri daban-daban. Ko a ina ne, yaron da ke cike takardar yana tunanin darasin da yake jin daɗi, da malamin da jininsu ya haɗu, da ajin da abokinsa zai shiga. Abin da yake yankewa a zahiri kuwa shi ne kwasa-kwasan da za su karɓe shi bayan shekara uku ko huɗu, da waɗanda za su mayar da shi daga bakin ƙofa. Babban tasirin mai ba da shawara a nan yake: ya nuna wa ɗalibi abin da kowane zaɓi zai rufe masa tun bai sa hannu ba.

Tsarin aikin tsoho ne. Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba da shawarar sana'a a Boston a 1908, ya kasa shi uku: mutum ya san kansa, ya san ayyuka da abin da suke buƙata, sannan ya auna biyun da hankali. Abin da ke biye shi ne yadda ake aiwatar da wannan a makaranta, da wuraren da aikin ya fi lalacewa.

A fara da wuri

Shawarar da aka bayar a makon da za a mayar da takarda ba ta canja komai, domin a lokacin ɗalibi ya riga ya yanke, sa hannu kawai yake nema. A fara aƙalla zango biyu kafin ranar zaɓi, shekara guda ta fi.

Akwai dalilin da ya sa ko shekara gudar ma ba ta yi wuri ba. Linda Gottfredson, wata mai bincike a Amurka, ta bayyana a 1981 cewa yara suna share ayyuka daga zuciyarsu tun kafin su san me ayyukan suka ƙunsa. Tsakanin shekara 6 zuwa 8 suna cire waɗanda suke ganin na ɗaya jinsin ne. Tsakanin 9 zuwa 13 suna cire waɗanda suke ganin sun yi musu ƙasa, da kuma waɗanda suke ganin sun fi ƙarfin irinsu. Sai daga shekara 14 suke fara tambayar me su kansu suke so, a cikin ɗan abin da ya rage. Saboda haka idan ɗan shekara 14 ya ce aiki biyu kawai yake sha'awa, yawanci sauran ya binne su ne tun tuni. Rahoton da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, ta fitar a 2020 daga amsoshin 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabinsu suna sa ran yin ɗaya daga cikin ayyuka goma kacal, irin su likita, malami, lauya da injiniya. Aikin farko ke nan: faɗaɗa jerin kafin a fara tace shi.

Zama ɗaya ba ya isa. Steven Brown da Nancy Ryan Krane, da suka haɗa sakamakon bincike masu yawa a 2000, sun ga amfanin shawara yana kai ƙololuwa wajen zama huɗu zuwa biyar. Sun kuma ware abubuwa biyar da ke sa ta yi aiki: ɗalibi ya rubuta shirinsa da hannunsa, a fassara masa sakamakonsa shi kaɗai, a ba shi sahihin bayani kan ayyuka, ya ga mutanen da suka bi hanyar, kuma a gina masa masu mara masa baya. Idan ɗalibai sun yi yawa, bayani kan ayyuka ana iya yin sa a aji gaba ɗaya. Fassarar sakamako kam dole a zauna da mutum shi kaɗai, ko da minti 20 ne.

Abin da za a tara kafin zaman farko

Sakamakon shekara biyu da suka wuce, zango-zango, darasi-darasi. Matsakaicin maki na shekara yana ɓoye abin da ake nema. Wanda ya tashi daga 45 zuwa 55 zuwa 65 da wanda ya sauko daga 65 zuwa 55 zuwa 45 matsakaicinsu ɗaya ne, amma labarinsu ya sha bamban. A kuma duba matsayin makin a cikin ajin, domin 60 a hannun malami mai tsauri na iya fin 75 a hannun mai sassauci. A nemi jimla biyu ko uku daga malaman lissafi da na harshe da na kimiyya kan yadda ɗalibin yake aiki: yana tambaya? Yana gama aikin gida? Idan abu ya yi wuya yana dagewa ko yana ajiye biro? Sannan a tanadi sharuɗɗan shiga na wannan shekarar daga jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin koyon sana'a da ɗaliban makarantar suka fi nema. Na bara ba abin dogaro ba ne, ana sauya su.

Zaman farko

Minti 40 zuwa 45, kuma ɗalibi ne zai fi yin magana. Tambayar "me kake so ka zama?" ita ce mafi rauni, domin amsarta haddatacciya ce, an saba ba manya ita. Waɗanda suka fi fito da gaskiya su ne irin: wane aikin makaranta ka taɓa yi har lokaci ya wuce ba ka sani ba? Me mutane ke zuwa wurinka ka taya su? Wane darasi kake fara yin aikin gidansa, wanne kake bari sai ƙarshe? Idan ya ambaci aiki, a tambaye shi me mai wannan aikin yake yi daga safe zuwa yamma. Da yawa a nan suke tsayawa, sai a gane sunan aikin suke so.

Gwajin sha'awa yana taimakawa idan an san iyakarsa. Wanda aka fi amfani da shi ya dogara ne kan rabe-rabe guda shida na John Holland, masanin halayyar ɗan Adam: masu son aikin hannu da na'ura, masu son bincike, masu son ƙirƙira, masu son taimakon mutane, masu son jagoranci da ciniki, da masu son tsari da lissafin takardu. Ana ɗaukar ukun da suka fi rinjaye a nemi ayyukan da suka dace da haɗin. Sha'awa kawai yake aunawa, ba ya auna iyawa, kuma yaro ba zai nuna sha'awar abin da bai taɓa gani ba. Gwaje-gwajen hali na intanet masu raba mutane gida 16 kuwa kada a gina zaɓin darasi a kansu. Mutum ɗaya na iya samun sakamako daban idan ya sake yi bayan 'yan makonni.

A tashi daga zaman da rubutaccen jerin ayyuka shida zuwa takwas daga aƙalla fannoni uku, ciki har da biyu da ɗalibin bai zo da su ba.

Ƙirgawa daga aiki zuwa darasi

Wannan shi ne tsakiyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa saboda yana cin lokaci. A ɗauki takarda a ja layuka huɗu a tsaye. Na farko aikin. Na biyu hanyar da ke kai wa gare shi: digiri, difloma, koyon sana'a a hannun gwani, ko jarrabawar ƙungiyar masu sana'ar. Na uku darussan da ake sharɗanta su, da makin da ake nema. Na huɗu darussan da ake so amma ba dole ba. Ɗalibin ne zai cike da hannunsa daga takardun sharuɗɗa, mai ba da shawara yana duba masa. Kowane aiki a duba makarantu uku ko fiye, domin sharuɗɗa suna bambanta ko a ƙasa ɗaya.

Da an cike, abubuwan mamaki ke fitowa, kuma su ne ke juya zaɓi. Likitanci kusan ko'ina yana neman kemistiri, alhali yara da yawa bayoloji kaɗai suke hangowa. Harhaɗa magunguna ma kemistiri ne ƙashin bayansa. Injiniyanci lissafi ne da fiziks. Kwas ɗin ilimin kwamfuta a jami'o'i da dama ya fi damuwa da lissafin ɗalibi fiye da ko ya taɓa yin darasin kwamfuta. Haka tattalin arziki: manyan jami'o'i da yawa suna sharɗanta lissafi, ba sa sharɗanta darasin tattalin arzikin kansa. Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ake ɗauka hira ce da mutane, cike yake da ƙididdiga. Karatun lauya kuma ya danganta da ƙasa: a Ingila yawancin jami'o'i ba su ɗaure shi da wani darasi ba, a Amurka sai bayan digirin farko ake shiga, wasu ƙasashen kuma suna neman adabi ko tarihi.

Bayan haka sai a yi ƙirga mai sauƙi. Ga kowane darasi da ake tunanin ajiyewa, a ja layi a kan duk ayyukan da za su faɗi idan babu shi. Idan ajiye fiziks ya share biyu cikin takwas, kuma biyun ba su ne na gaba a zuciyar ɗalibi ba, ana iya ajiyewa da sani. Idan ajiye lissafi ya share biyar, magana ta canja. Darussa ba su da nauyi ɗaya ta wannan fuska. Akwai waɗanda ake iya farawa daga tushe a jami'a, kamar ilimin zamantakewa ko harkar kasuwanci. Akwai waɗanda ake gina su hawa-hawa, kamar lissafi, fiziks, kemistiri da harsunan waje, wanda ya bar su shekara biyu zai sha wuya kafin ya dawo. Ƙa'idar aiki: idan ɗalibi bai tsayar da zuciyarsa ba, ya riƙe masu hawa-hawan da yake iya ci, ya ɗage waɗanda ake iya farawa daga baya.

Kalmar "da yake iya ci" tana da muhimmanci. Buɗe ƙofa da darasin da za a faɗi ba buɗewa ba ce. Ɗalibin da ya ɗauki darussa uku masu nauyi ya fito da maki mai rauni a dukkansu ya fi yin asara a kan wanda ya ɗauki waɗanda suka dace da shi ya yi fice.

Lissafi

Ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1970 Lucy Sells, mai nazarin zamantakewa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta lura cewa ɗalibai mata da yawa suna shigowa ba tare da isasshen lissafin sakandare ba, kuma wannan kaɗai ya hana su yawancin kwasa-kwasan kimiyya da fasaha. Ta kira lissafi rariya, mai tace mutane tun ba su sani ba. Faransa ta ga irin haka kwanan nan. Daga 2019 aka sauya tsarin sakandare, ɗalibi ya zaɓi darussan ƙwarewa uku sannan ya rage su zuwa biyu a shekarar ƙarshe, aka cire lissafi daga darussan dole. Masu yin lissafi suka ragu, musamman 'yan mata, har a 2023 aka mayar da awa ɗaya da rabi a mako ta zama tilas ga waɗanda ba su zaɓe shi ba.

Idan ɗalibi ya ce "ni ba na iya lissafi", a buɗe sakamakonsa kafin a yarda. Herbert Marsh, masanin halayyar ɗalibai, ya nuna cewa yara suna auna iyawarsu a wani darasi ta hanyar gwada shi da sauran darussansu. Yarinyar da ke cin 85 a harshe da 72 a lissafi tana iya ɗaukar kanta mara iya lissafi, alhali wanda ke cin 60 a lissafi da 50 a harshe yana ganin kansa gwani. Maganin shi ne a nuna mata matsayinta a cikin ajin, da makin da kwas ɗin yake nema. Kalaman ƙarfafa gwiwa kaɗai ba sa daɗewa. Abin da ya fi gina yarda da kai shi ne mutum ya yi abin ya ga ya ci, don haka a haɗa ta da malamin ya ba ta aikin da ya ɗan fi na aji wuya na tsawon mako huɗu zuwa shida, a dawo a duba.

Idan buri ya fi maki

A ce ɗalibi na son likitanci, yana cin 74 a bayoloji, 48 a kemistiri. Kuskure biyu ake yi. Wani mai ba da shawara zai ce masa ya manta, wani zai ce ya dage Allah zai taimaka, kuma duka biyun ba su binciki 48 ɗin ba. A karɓi takardun jarrabawarsa a zauna da malamin kemistiri. Idan duk makin da ya zubar a tambayoyin lissafin sinadarai ne, matsalar lissafi ce, kuma ana iya gyara ta a zango ɗaya. Idan ya yi rashin lafiya ko an canja malami a zangon da aka koyar da tushen darasin, giɓi ne da za a cike. Idan kuwa ya halarci komai, ya yi ƙoƙari, kuma raunin ya bazu ko'ina shekara biyu a jere, sai a faɗa masa gaskiya a fili.

A kowane hali a sa wa'adi da ma'auni: maki kaza zuwa ƙarshen zango mai zuwa. A lokaci guda a tambaye shi me yake so a likitancin. Idan kula da mara lafiya ne, akwai jinya, gashin ƙashi da motsa jiki, ungozoma, kula da lafiyar al'umma. Idan binciken cuta ne, akwai aikin ɗakin gwaje-gwaje da ɗaukar hoton cikin jiki. Kowanne a sa shi a takardar ƙirga, domin wasunsu ma suna neman kemistiri ko fiziks. Hanya ta biyu a rubuta ta tun yanzu, lokacin da ba a cikin ɓacin rai, kuma a zaɓi darussan da za su ɗauki hanyoyin biyu.

Ya gani da idonsa

Kafin zama na uku, ɗalibi ya yi magana da mutum biyu masu yin ayyukan da ke saman jerinsa, ko ya wuni tare da ɗaya a wurin aiki. A ba shi tambayoyi a rubuce: wane darasin sakandare kake amfani da shi har yau, wane ɓangaren aikin ne ba ka so, shekara nawa ka yi kafin ka fara samun abin kanka? Ya kuma zauna a ajin 'yan gaba da shi sau ɗaya ko biyu, ya duba littafinsu. Fiziks na manyan aji ya bambanta ƙwarai da kimiyyar ƙananan aji. Ma'aunai takwas da gidauniyar Gatsby ta fitar a Ingila a 2014 sun sa haɗuwa da masu aiki da ziyarar wurin aiki cikin sharuɗɗan shawara mai inganci, tare da ganawa ta ƙashin kai kafin shekara 16 da damar wata kafin 18.

Iyaye

Su suka fi kowa tasiri, kuma shirin da aka yi a bayan idonsu yakan rushe a dare ɗaya. A gayyace su bayan an cike takardar ƙirga, kafin a yanke. A fara da jin abin da suke so da dalilinsa. Uban da ya dage kan injiniyanci sau da yawa tsoron rashin aiki ne ke magana, kuma idan aka nuna masa hanyoyi uku masu tabbas da makin ɗansa zai iya kai wa, yakan sassauta. A bar ɗalibin ya gabatar da takardarsa da bakinsa. Maganar kuɗin karatu da tsawon shekaru a yi ta a wannan zaman, domin kwas na shekara shida da na shekara uku ba nauyi ɗaya suke ɗora wa gida ba. Mai ba da shawara kada ya zama lauyan ɗa a kan iyaye ko ɗan saƙon iyaye a kan ɗa.

Shi ma yana da nasa son zuciyar da zai kula da shi. Ya riƙa duba rajistarsa a ƙarshen shekara: su wa ya tura kimiyya, su wa ya tura koyon sana'a? Idan masu maki iri ɗaya suna samun shawara daban gwargwadon jinsinsu ko arzikin gidansu, gyara na wurinsa. Haka nan wasu makarantu suna hana ɗalibi mai matsakaicin maki ɗaukar darasi mai wuya don kada sakamakon makarantar ya sauka. Wannan amfanin makaranta ne, kuma ɗalibi na da haƙƙin ya san dalilin.

Jadawali da bibiya

Kafin a rubuta zaɓin ƙarshe a duba jadawalin makaranta. Darussa ana jera su rukuni-rukuni, biyu da ke rukuni ɗaya ba sa haɗuwa, kuma darasin da masu zaɓarsa suka yi kaɗan ana iya soke shi. A tambaya tun farko ko akwai malamin darasin na dindindin da ɗakin gwaji mai aiki. Kowane ɗalibi ya rubuta darasi ɗaya na madadi.

Shirin ƙarshe shafi ɗaya ne: darussan da aka zaɓa, dalilin kowanne a jimla ɗaya, ayyukan da suka rage a buɗe, waɗanda aka rufe da sani, da hanya ta biyu. Ɗalibi da iyaye da mai ba da shawara kowa ya riƙe kwafi.

A sa ranar dubawa a mako na uku ko na huɗu da fara sabon aji, domin yawancin makarantu a makonnin farko kaɗai suke yarda a canja darasi, kuma bayan rabin zango cike giɓin sabon darasi yana da wuya. A wannan zaman a bambanta wahalar sabon mataki, wadda kusan kowa ke ji kuma takan lafa, da rashin dacewa na gaske. Alamar ta farko ita ce ɗalibi yana kuka da yawan aiki amma yana gane darasin idan an sake masa bayani. Alamar ta biyu ita ce ya daina yin aikin gida, ba ya tambaya, kuma gwajin farko ya nuna tushen ne babu. Mai alamar farko a haɗa shi da malamin ya ƙara masa lokaci, a sake ganinsa bayan mako biyu. Mai ta biyu a ɗauko takardar ƙirgarsa a ranar, a duba abin da canjin zai rufe, a cike takardar canji kafin wa'adin makarantar ya cika.